Yadda za ka gwada ChromeOS Flex, manhajar da ke mayar da laftof mai aiki da burauza kaɗai, kafin ka goge Windows

Laftof ɗin da nake aiki da ita ta hannu ce. Ram ɗinta gigabait 4 ne, rumbun ajiyarta kuma irin na da, mai faifai yana juyawa a ciki, idan ka kasa kunne da dare kana jin ƙararsa. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawar ɗalibaina, da ita nake tara makinsu, da ita nake ɗan rubuce-rubucena na Hausa bayan sallar isha'i. Tsufa ya kama ta, har ta kai ina kunna ta in je in ɗora ruwan shayi in dawo ba ta gama farkawa ba. Da Microsoft ta sa ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, tawa kuma ba ta cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, sai na zauna na yi lissafi. Kuɗin sabuwa babu. Yar da wadda take aiki kuwa almubazzaranci ne. A nan na tuna da wani labari da na karanta tun ina zuwa shagon intanet ana ƙirga mini mintoci.

Ranar 7 ga Disamba, 2010, a birnin San Faransisko na Amurka, Google ta fito da wata baƙar laftof wadda babu tambarin kowa a jikinta, ta sa mata suna Cr-48. Sundar Pichai, wanda yanzu yake shugabantar kamfanin, shi ya gabatar da ita. Ba ta sayarwa ba ce. Mutum zai cika fom, idan an zaɓe shi a aiko masa har gida kyauta, da sharaɗin ya riƙa aiki da ita a kai a kai yana faɗa musu duk inda ta gaza. Mazauna Amurka kaɗai aka bai wa. Fuskarta inci 12.1 ce, ram gigabait 2, wurin ajiya gigabait 16, ramin filashi ɗaya tak, batir na kai wa wajen awa 8. An haɗa ta da layin kamfanin sadarwa na Verizon mai ba da megabait 100 kyauta duk wata har shekara biyu. An cire madannin Caps Lock an sa na bincike a gurbinsa. Kana kunna ta, cikin kamar daƙiƙa 10 burauzar Chrome za ta cika fuskar, kuma iyakar abin da ke ciki ke nan: ba wata manhaja da za ka girka, ba inda za ka ture burauzar ka ga wani abu a bayanta. Sunan ma daga wani nau'in sinadarin kuromiyam aka ɗauko shi, nau'in da ba ya daɗewa yake rikiɗa, wato dai an faɗa maka tun farko cewa kayan gwaji ne.

Waɗanda suka samu sun yi ta ƙorafi kan wurin zame yatsa, da yadda bidiyo ke tsinkewa, da wahalar sarrafa fayil. Daga rahotanninsu aka yi gyare-gyare, a tsakiyar 2011 Samsung da Acer suka fara sayar da Chromebook na farko, wato laftof mai irin wannan tsari. Can gefe wani kamfani a New York mai suna Neverware ya ɗauki tushen manhajar da ke tafiyar da Chromebook, wanda Google ta saki ga kowa tun Nuwamba 2009, ya yi CloudReady don tsofaffin kwamfutoci. Google ta sayi kamfanin a Disamba 2020, daga nan aka samu ChromeOS Flex, wadda aka fara bayarwa don gwaji a Fabrairu 2022, ta fito cikakkiya a Yuli na shekarar. Kyauta ce, kuma ita ce ta ba ni damar yin abin da mutanen Cr-48 suka yi, a kan tsohuwar laftof ɗina, ba tare da na goge ko fayil ɗaya ba.

Abin da na ɗauka daga wurinsu shi ne tsarin gwajin. Ba su taɓa ta na minti goma suka yanke hukunci ba, zama suka yi a cikinta suna rubuta abin da ya ƙi. Ni mako guda na ɗiba. Ba a cinikin biri a sama, kuma wanda ya gaya maka tana da sauri bai san irin aikinka ba, bai san yadda sabis yake a unguwarku ba.

Takarda da biro kafin filashi

Ka samu ƙaramin littafi ka rubuta duk abin da ka yi da kwamfutarka a mako biyun da suka wuce. Kada ka rubuta abin da kake fatan yi, ka rubuta abin da ka yi. Nawa ya ƙunshi buga takardu, lissafin maki, imel, WhatsApp, karanta littattafan PDF, sauraron karatu, haɗa majigi a aji, da kai takardu wurin masu firinta. Sai ka bi ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka: wannan yana yiwuwa a cikin burauza?

Idan abincinka yana rataye da manhajar da ake girkawa a Windows, kamar CorelDRAW na masu zanen katin biki da kalanda, ko SPSS na ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu, ka tsaya a nan, domin ba za su shiga ba. Haka kuma Flex ba ta ɗaukar manhajojin Android daga Play Store, duk da cewa Chromebook na ainihi yana ɗauka tun 2016. Mutane da yawa suna ruɗuwa a wannan wurin, suna zaton laftof ɗin za ta koma babbar waya.

Sharuɗɗan na'ura ba su da yawa. Firosesa ta Intel ko AMD mai bit 64, ram gigabait 4, wurin ajiya gigabait 16, da damar shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka ce ta tashi daga filashi. Wadda aka ƙera kafin 2010 an ce kada a sa rai da ita sosai. Google tana da jerin samfuran da ta gwada ta amince da su, ka nemi lambar taka a ƙasan laftof ɗin ka duba. Idan ba ta cikin jerin ba yana nufin ba za ta yi ba, yana nufin kai ne mai gwajin.

Ko da ba ka da niyyar girkawa yau, ka kwashe muhimman fayilolinka ka ajiye a wani wuri daban. Idan an kulle rumbunka da BitLocker, ka nemo lambar buɗewarsa ka rubuta a takarda, domin taɓa saitin BIOS na iya sa Windows ta tambaye ka ita. Idan ka shiga BIOS ɗin ka dubi kwanan wata. Tsofaffin laftof ƙaramin batirin agogonsu yakan mutu su koma shekarun baya, kuma agogon da ba daidai ba yana iya hana shafuka masu tsaro buɗewa.

Haɗa filashin

Kana buƙatar filashi mai gigabait 8 ko fiye, kuma duk abin da ke kansa zai tafi. A nan na yi asarar yini guda. Na sayi wani a bakin titi an rubuta gigabait 32 a jikinsa, sau uku aikin yana kaiwa tsakiya yana tsayawa. Da na sa shi a wata kwamfutar na cika shi da fayiloli don in gani, sai na tarar rabinsu ba sa buɗewa: jabu ne, abin da ke cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Na aro na wani abokin aikina, karo ɗaya ya wuce. Ka sayi naka a shagon da za ka iya komawa, idan da hali ka nemi mai shuɗin baki, wato USB 3.0, domin daga kansa kwamfutar za ta yi ta karatu tsawon makon.

A kwamfutar Windows ko Mac ko Chromebook mai burauzar Chrome, ka shiga Chrome Web Store ka nemi Chromebook Recovery Utility ka ƙara ta. Ka buɗe, ka danna "Get started", sannan "Select a model from a list". A wurin kamfani ka zaɓi "Google ChromeOS Flex", a wurin samfuri ka zaɓi "ChromeOS Flex". Ka soka filashin, ka tabbata shi ka nuna mata ba wani ba, ka danna "Create now". Abin da za a sauke ya haura gigabait 1, don haka ni na bari sai dare na yi da datar dare mai rahusa, laftof tana jikin caja, wayar tana kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi. Za ka ga lissafin ya tsaya wuri ɗaya kamar ya maƙale, ka ƙyale shi. Bayan an gama, Windows na iya cewa ba ta gane filashin ba, ko kana so ta goge shi. Ka ce a'a.

Yanzu ka kashe laftof ɗin gaba ɗaya, ka soka filashin, ka kunna kana ta danna madannin zaɓen tashi. A Dell da Lenovo da Acer yawanci F12 ne, a HP F9, a na Apple kuwa ka riƙe Option. Ka zaɓi sunan filashinka daga jerin. Tambarin zai fito, sai shafin maraba, sai zaɓi biyu: "Install ChromeOS Flex" da "Try it first". Na biyun za ka danna. Na farkon yana share duk abin da ke cikin kwamfutar, hotunan suna da na biki da takardun makaranta, babu dawowa. Ka karanta sau biyu kafin yatsanka ya sauka.

Ranar farko ta ƙarfe ce

Kada ka fara da shigar da asusunka. A ƙasan shafin shiga akwai "Browse as Guest", ka shiga a matsayin baƙo ka bi sassan na'urar. Wi-Fi yana ganin hotsifot ɗin wayarka? Sauti yana fita ta lasifika da kuma ta abin kunne? Ka buɗe manhajar kyamara ka ɗauki ɗan bidiyo kana magana, ka saurara, ka gwada kyamara da makirufo a lokaci ɗaya ke nan. Ka zame yatsu biyu ka ga ko shafi yana sauka. Ka danna madannan haske da na ƙara. Ka rufe murfin ka ƙirga ashirin ka buɗe. Idan kana koyarwa ko gabatar da jawabi, ka haɗa ta da majigi ko talabijin tun yau. Ramin faifan CD da wurin ɗora yatsa don buɗewa ba sa cikin abubuwan da Flex ta ɗauki alhakinsu, kada ka ɓata lokaci a kansu.

Akwai manhaja mai suna Diagnostics da ke nuna lafiyar batir da nauyin da ke kan firosesa da ram. A nan na ga cewa batirina ya riga ya ci rabin ƙarfinsa, abin da na daɗe ina zargi. Ba wata babbar manhaja da za ta mayar da tsohon batir sabo, kuma a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan lamba tana cikin lissafi.

Abu ɗaya kada ka auna a wannan matakin: sauri. Daga filashi take gudu, don haka za ta riƙa ɗan jinkiri, wurin ajiya kaɗan ne, kuma ba ta karɓar sabuntawa. Idan a haka ma ta fi abin da ka saba, to ka samu labari mai daɗi.

Ka yanke intanet da hannunka

Wannan ne zuciyar gwajin, kuma shi ne abin da mai zaune inda intanet ba ya yankewa ba zai tuna ya gaya maka ba. Manhajar an gina ta ne a kan cewa takardunka suna zaune a rumbunan Google, abin da ake kira gajimare, kwamfutar kuma taga ce kawai. To idan taga ta rufe fa?

A dare na uku na gane amsar. Lahadi ce, ina da tambayoyin da zan miƙa da safe, na buga rabinsu a Google Docs da rana. Bayan isha'i sabis ya ɗauke a unguwar baki ɗaya. Na buɗe laftof, sunan takardar yana nan amma ya dushe, na danna ba ta buɗe ba. Ban kunna aikin da ba intanet ba, domin ba a kunne yake zuwa ba. Sai da asuba sabis ya dawo na ƙarasa a gurguje.

Ga abin da ya kamata in yi tun rana ta biyu, lokacin da na shiga da asusuna. Ka buɗe Google Drive, ka shiga saiti ta alamar haƙoran inji, ka sa alama a wurin "Offline". Sannan duk takardar da ba ka so ta kuɓuce maka, ka danna mata dama ka ce a ajiye ta don amfani ba intanet. Gmail ma yana da nasa a cikin saiti, har zai tambaye ka wasiƙun kwana nawa zai riƙe: 7, ko 30, ko 90. Ka ba shi lokaci ya gama saukewa. Daga nan sai ka kashe hotsifot ɗin da kanka, ka kashe laftof ɗin, ka sake kunnawa, ka yi aikin awa biyu cur a haka.

Za ka shiga da kalmar sirrinka ba matsala, tunda ka taɓa shiga a kan na'urar. Docs da Sheets da Slides za su buɗe takardun da ka ajiye, za ka iya fara sabuwa, kuma abin da ka rubuta zai hau da kansa idan intanet ya dawo. PDF da bidiyo da karatun da ke kan filashi ko katin waya duk suna buɗewa. Kana iya rubuta imel ya jira a layi. WhatsApp na burauza ba zai aika komai ba, duk shafin da ba ka tanada ba kuma babu shi. Ka rubuta a littafinka duk abin da ka miƙa hannu ka rasa a awa biyun nan. Idan jerin gajere ne, tsarin zai zauna da kai. Idan ya cika shafi, ka riga ka samu amsa.

Data kuma ka auna ta da wayarka: ka duba abin da hotsifot ya ci kafin ka fara aiki da bayan ka gama, kowace rana. Abin da na gani shi ne rubutu da lissafi ba su da ci, bidiyo da ɗora hotuna su ne ke cinye kuɗi. Bayan an girka, sabuntawa tana zuwa kusan duk mako huɗu, tana sauka a ɓoye, kuma kwamfutar tana iya ɗaukar hotsifot a matsayin Wi-Fi na gida. Ka duba cikin saitin layin ko akwai inda za ka nuna mata cewa datar a ƙirge take. Idan akwai, ka kunna shi, amma ka riƙa samun lokaci kana barin ta ta sabunta, domin tsaron nan shi ne dalilin da ya sa ka baro tsohuwar manhajar tun farko.

Haruffanmu masu lanƙwasa

A nan na fi daɗewa, domin ni da Hausa nake rubutu, kuma ba zan bai wa ɗalibi takardar da aka rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", ko "baki" a wurin "baƙi", ko "kafa" a wurin "ƙafa" ba. Madannan da na girka a Windows ba za su biyo ni ba, don haka sai da na nemi hanya.

Wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce ta lamba. Ka danna Ctrl da Shift da U tare, wani ƙaramin u mai layi a ƙasa zai fito, ka buga lambar harafin, ka danna Enter. Lambar ƙ ita ce 0199, ɗ 0257, ɓ 0253. Manyansu: Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda mu muke sa 'y, tasu 01B4 ce, babbar kuma 01B3. Na rubuta su a 'yar takarda na manna a gefen wurin zame yatsa, bayan kwana huɗu yatsuna sun haddace uku na farko.

Ga dogon rubutu wannan yana gajiyarwa, sai na haɗa da wata dabara. Manhajar tana riƙe abubuwa biyar na ƙarshe da ka kwafa. Ka kwafi ƙ, ka kwafi ɗ, ka kwafi ɓ, sannan duk lokacin da kake so ka danna madannin da ke da tambarin Windows tare da V, jerin zai fito ka zaɓa. Wata rana kuma nakan buga takardar duka da q a wurin ƙ, tunda ba mu da q a Hausa, in na gama in sa a nemo a musanya gaba ɗaya. Ka kula da salon rubutun da ka zaɓa a Docs: wasu ba su da haruffanmu, sai ka ga ƙ ɗin ya fita daban a tsakiyar kalma kamar baƙo a taro. Noto Sans yana da su duka. Mai rubuta Larabci kuwa, madannan Larabci suna cikin saiti, idan ka ƙara su Ctrl da Space ne ke juya ka tsakanin biyun.

Wannan ya kai ni ga firinta. Yawancinmu ba mu da ita a gida, shagon buga takardu muke kaiwa. Ka sauke takardarka a matsayin PDF, domin a haka haruffan da tsarin shafin za su fita yadda ka bar su ko wace kwamfuta mai shagon yake da ita. Ka sa a filashi na biyu, kada ka zare wanda manhajar ke gudu a kansa. Idan kana da firinta, ka soka wayarta ka gwada, da yawa suna yi ba tare da an girka komai ba. Idan ka ci karo da tsohon bayani yana maganar Google Cloud Print, ka wuce shi, an rufe wannan tun ƙarshen 2020. Ka kuma buɗe takardar Word mafi rikitarwa da kake da ita, mai jadawali da tambarin makaranta, ka ga ko ta zauna daidai. Idan ta karkace, Word ɗin Microsoft yana da na burauza, sai dai shi yana son intanet.

Amanar da kake miƙawa

Tun a watan da Cr-48 ta fito, Richard Stallman, jagoran masu fafutukar manhaja mai 'yanci, ya yi gargaɗi cewa irin wannan tsari yana sa mutum ya saki ikon bayanansa a hannun wani. Ban ɗauki maganar da wasa ba, kuma ina ganin kai ma kada ka ɗauka. Makin ɗalibai amana ne, takardun gado da na fili ma haka. Akwai riba a fili: idan aka sace laftof ɗin ko ruwa ya shige ta, ka shiga asusunka a wata na'urar ka tarar da komai. Amma mabuɗin gidan duka ya koma kalmar sirri ɗaya da lambar waya ɗaya. Idan layinka ya ɓace ko aka rufe shi, kana iya tsayawa a ƙofar kayanka.

Don haka a cikin makon gwajin ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sauke lambobin ko-ta-kwana da Google ke bayarwa, ka rubuta su a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun haihuwa. Ka san cewa gigabait 15 na kyauta raba shi ake yi tsakanin Gmail da Drive da Photos, idan hotunan waya sun cinye shi wasiƙu ma za su daina shigowa. Kada ka mayar da foldar Downloads rumbu, domin idan wuri ya ƙure manhajar tana iya share abin da ke ciki. Ni duk ƙarshen zango nakan sauke kwafin takarduna in sa a filashi.

Mutanen Cr-48 suna da ɗan maɓalli a saman burauza na aika rahoto. Har yanzu hanyar tana nan: Alt da Shift da I. Idan wani sashe na na'urarka ya ƙi, ka rubuta samfurinta da abin da ya faru ka aika. Minti biyu ne, kuma da irin wannan aka gyara ta har ta iso gare mu.

Idan mako ya cika

Ka buɗe littafinka ka karanta. Idan abin da ya ƙi yana cikin abin da kake ci da shi, ka kashe laftof, ka zare filashi, Windows ɗinka tana nan yadda ka bar ta. Idan ka gamsu, ka sake tabbatar da kwafin fayilolinka ta hanyar buɗe wasu daga ciki a wata kwamfutar, ka haɗa filashin girka Windows ka ajiye saboda ko za ka so komawa, domin ba a tsara Flex ta zauna tare da wata manhajar a rumbu ɗaya ba. Ka sa caja, ka zaɓi lokacin da batir yake cike ko da an ɗauke wuta, ka danna girkawa daga shafin shiga. Yana iya kai wa minti 20, idan ta gama za ta kashe kanta. Ka zare filashin kafin ka kunna.

Ni ban goge komai ba. Na je wurin mai gyara a kasuwa, na sayi ƙaramin rumbu na hannu irin na SSD, wanda ba faifai mai juyawa a cikinsa, ya kwance ƙusoshi biyu a ƙasan laftof ɗin ya zare tsohon ya sa wannan, a kansa na girka. Idan taka tana buɗuwa haka, wannan hanyar nake ba ka shawara, domin ta raba ka da fargaba kuma ta ƙara wa na'urar sauri. Yanzu kafin in gyara zama a kujera shafin shiga ya fito. Tsohon rumbun na naɗe shi a leda na sa a durowa da Windows ɗinsa da komai. Sau ɗaya na ɗauko shi, ranar da shugaban makarantarmu ya nemi sakamakon wani ɗalibi na shekarun baya wanda na manta ban kwafa ba. Na sa shi a 'yar akwatin USB da mai gyaran ya sayar mini, na soka, manhajar fayiloli ta buɗe shi, na ciro takardar na mayar da shi durowa.